Awa Tara da Minti Shida

Ku samari da kuke shigowa shagona a Wadata da ordinatar, wato kwamfuta, a goye, kuna cewa aikin nan danne-danne ne kawai, kun sha tambayata wannan ƙullin busasshiyar shinkafa da ke rataye sama da teburina. Wani cikinku ya ce maganin kasuwa ne. Ba magani ba ne. Shinkafar mutane ce da na busar, ina zaune a inuwa, ban taɓa ko fartanya ba. Zan faɗa muku yadda aka yi sau ɗaya, kar a sake tambayata.

Sunana Shaibu, Bagobiri daga Tibiri. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko na yini guda. Na zo Yamai da ƙarfin jikina, na tura amalanke a kasuwar nan shekara huɗu, na koma gyaran rediyo. Baƙaƙen boko a kan madannan ordinatar na san su, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna mini su Mushe Bulus ne, wato Malam Bulus a bakin 'yan boko, Kirista mutumin Dogon Dutsi, wanda ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe wannan shagon da kuke tsaye a ciki. Na shiga hannunsa ina da mata da 'ya'ya biyu.

Aikin farko da ya ba ni takarda ce shafi shida, porogaram na buga ƙararrawar wata makaranta, a harshen da ake kira C. Ya ce in kwafe shi a littafi da biro, sannan in buga shi a inji, sannan in share in sake. Wata uku ina wannan. Ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma yatsuna sun san wurin kowace. In na yi tambaya sai ya ce in ci gaba da kwafa, ma'ana za ta same ni a hanya. Ta same ni kuwa, amma a hankali, kuma ba duka ba.

Abin da mutum ya rubuta, inji ba ya jin sa kai tsaye. Akwai wani porogaram a tsakani, mai karanta rubutunka ya juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. Masu lakwal suna ce masa kompilatar. Mu tafinta muke ce masa. Namu yana cikin faifan disket uku, a gwangwanin madara, nannaɗe da tsumma. Shi da turnabis biyu na kwance ƙusa, da testar ta auna kuran, wato wutar lantarki, da ƙarfen liƙa waya, da littafina, su ne kayan aikin duka. Tafintan nan mai sauƙin hali ne. In ka kira abu ba ka gabatar da shi tun farko ba, sai ya yi maka zato ya wuce. In ka zuba babbar lamba a ƙaramin mazubi, ba ya ce maka komai. Na ɗauka haka harshen yake.

Akwai kuma dokar shago. Duk layin da Mushe Bulus ya sa wa taurari uku a gefe, ba a taɓa shi. Ba a gyara shi, ba a matsar da shi, ba a tambayar dalilinsa. Ban ga baƙon abu a nan ba. Telolin da ke bayanmu haka suke da kwalin yankan maigidansu, kuma mai gyaran rediyon da na baro shi ma yana da wayoyin da ba a kai musu hannu. Sau ɗaya na tambayi dalilin wani layi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ranar da na isa tambaya zai faɗa mini. Ban ƙara ba.

Akwai wani Alhaji mai injin niƙa a Talaje da muka yi wa porogaram na sikeli, mai nuna nauyin buhu a allo. Ya sayo sabuwar ordinatar daga Kwatano, da wani tafinta dabam a cikinta. Na je ni kaɗai. Na buga porogaram ɗinmu yadda na haddace shi. A layi na tara tafintan ya tsaya, ya ce bai san kalmar share allo ba. Kalmar nan na rubuta ta ya fi sau dubu. Na dawo shago na ce an sayar wa Alhaji lalataccen kaya.

Mushe Bulus ya ce kayan lafiya lau ne. Ya ce harshen yana da littafin ƙa'ida wanda duk duniya ta yarda da shi, kuma kalmar share allo ba ta ciki. Waɗanda suka ƙera tafintanmu ne suka ƙara ta don sauƙi.

"Kai Bagobiri," ya ce, "in ka je Kano ka ce kuran ya tafi, wa zai san wutar lantarki kake nufi? Hausar Wadata ce. A Wadata take ci."

Na ji. Amma ku ji abin da muka yi. Ba mu gyara porogaram ɗin ba. Mun ɗauki gwangwanin madara, mun je Talaje, mun zuba tsohon tafintanmu a sabon injin. Aiki ya tashi, Alhaji ya aika aka kawo mana fura. Daga ranar wannan ya zama hanyarmu, duk inda za mu da tafintanmu muke tafiya. Makarantu, ɗakin magani, wani gidan ƙanƙara a bakin kasuwa, duka haka muka yi musu. Masu kaya ba su san akwai wani tafinta ba ma. Abin da suka sani, in sun danna abu ya motsa. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya kawo ƙara.

Babban aikinmu yana bakin gulbi, ƙasa da gari, wurin wata koperatif ta manoman shinkafa. Manyan famfo biyu ne ke ɗebo ruwa suna zubawa a magudana. Ba a son ɗaya ya wuce awa tara yana aiki, saboda zafi. Mushe Bulus ya rubuta porogaram ɗin, ni na ja wayoyi. Gardin wurin, wato mai gadi, Sumana ne, Bazabarme, don haka abokin wasana. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ina sauka daga babur zai ce a ɓoye tukunya, Bagobiri ya iso. Ni kuma in tambaye shi ko har yanzu kada bai ɗauke shi ba, ashe kada ma yana zaɓen nama.

Ƙarfe shida na safe Sumana ke danna koren maɓalli, famfo na ɗaya ya tashi, ruwa ya shiga gonakin kusa. Kafin uku sai ya taka zuwa tsakiyar magudana, tafiyar kusan rabin awa, ya tsaya wurin ƙofofin ruwa. Ƙarfe uku da minti shida daidai famfo na ɗaya ya yi shiru, na biyu ya karɓa, shi kuma ya juya ruwa zuwa gonakin tsakiya da na ƙarshe. Amfanin injin ke nan, don mutum ɗaya ba ya iya kasancewa a ɗakin famfo da bakin ƙofofi lokaci guda. Ban taɓa tambayar me ya kawo minti shidan ba. Layin da ke yin canjin yana da taurari uku.

Da idon Mushe Bulus ya yi rauni, ya koma wurin ɗiyarsa mai aikin jinya a Lamorde, ya bar mini shago da gwangwani.

Shekarar da nake ba ku labari, ana cikin noman rani, watan zafi, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, sai tsohuwar ordinatar ɗakin famfo ta mutu. Na buɗe ta na duba, na zaga Wadata da Katako, ban sami irin kayanta ba. Koperatif ta nemo injiniya, Hadiza, ɗiyar ɗaya daga cikin manoman, wadda ta yi karatu a jami'ar ƙetaren gulbi. Ta zo shagon nan da wani ɗan akwati da bai fi gwangwanin sardin ba, ta ce shi zai maye gurbin tsohuwar. Na fito da disket ɗina. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta mayar mini. Ta ce babu ma ramin da za a sa shi, kuma ko an sa, tsohon tafinta bai san yaren wannan akwatin ba.

Ta zuba sabon tafinta, ta ɗaure shi a kan ƙa'ida. Kalma uku ta rubuta masa a wata 'yar takardar umarni cikin injin. Ma'anarsu, ya bi littafi sak, ya faɗi duk abin da ya gani, kuma kar ya wuce in akwai ƙorafi ko ɗaya. Muka ba shi porogaram ɗin Mushe Bulus. Allo ya cika, rubutu yana ta gudu. Ƙorafi ɗari biyu da wani abu. Porogaram ɗin da ya shayar da gonaki shekara ashirin da biyu, wannan abin ya ce ba a rubuta shi daidai ba.

Na ce tafintan nan ba shi da kunya.

"Ba shi da maigida ne kawai, Tonton," ta ce, haka take kirana, wato kawu. "Littafi yake bi."

Kwana biyu muka yi muna sake wuraren da porogaram ke magana da wayoyi, don wannan dole ne, sabon akwati ba ƙirar tsohuwar ba ne. Ƙorafi ya ragu zuwa wajen sittin. Sai aka kira ta wani aiki a Gaya na mako guda. Kafin ta tafi ta ce in bi sauran ɗaya-ɗaya in gyara, kuma kar in haɗa akwatin da famfo sai na gama duka. A kwanakin nan Sumana ne ke juya famfon da hannu, sannan ya ruga wurin ƙofofi, ga tsufa. Kullum ana asarar ruwan kusan awa guda, manoma kuma suna kirana safe da yamma.

Na zauna da sauran ƙorafin. Na gyara duk na layukan da ba su da alama. Saura goma sha ɗaya, dukansu a layukan taurari. Na san abin da Hadiza take nufi, ba wai ban gane ba ne. Amma ban taɓa sa hannu a layin maigidana ba, kuma ban ga dalilin da tafintan da aka haifa jiya zai sa in fara ba. Na buɗe 'yar takardar umarnin, na share kalmominta uku. Tafinta ya haɗiye komai, bai ce uffan ba.

Ranar Litinin na kai akwatin bakin gulbi. Na haɗa wayoyi, na danna kore, famfo ya tashi. Na danna ja, ya tsaya. Sau uku na yi haka. Gwajina ke nan duka. Canjin famfo sai an jira awa tara, ni kuma ina da wani aiki a Harobanda. Kafin in tafi na yi abin da na gada. Na sami takarda na zana taurari uku, na manna ta a kan akwatin ƙarfen da ake juya famfo da hannu. Sumana ba ya karatu, amma ya san taurarin nan tun zamanin Mushe Bulus. Na ce masa kore da ja ne kawai nasa.

Talata da ƙarfe huɗu ya kira ni a waya, ya ce na ɗaya bai sauka ba. Na ce sabon abu ne, ya bar shi, zan leƙo. Laraba ya kira sau biyu. Ya ce jikin famfon ba ya taɓuwa, ko ya juya da hannu? Na ce kar ya kuskura, ina zuwa. Alhamis ban je ba. Famfo ɗaya ke ɗaukar aikin biyu, awa goma sha takwas kullum, sai Sumana ya danna ja yake tsayawa. Fis ɗin da ya kamata ya yanke kuran in zafi ya yi yawa, an daɗe da ɗaure shi da wayar tagulla, kuma na san da haka. Jumma'a kafin a tafi masallaci famfo na ɗaya ya ƙone.

Naɗa sabuwar waya a cikin inji irin wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Kwana goma sha tara ya ɗauka. Famfo ɗaya ya rage, kuma ba wanda zai yarda ya wuce awa tara. Ruwa bai ƙara kai ƙarshen magudana ba. Shinkafar gida talatin da ke can ta bushe a tsaye, da cikinta. Ta tsakiya ta fara rawaya daga bakin ganye.

Aka kira ni taro a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ɗakin famfo. Ba wanda ya zage ni. Wata tsohuwa mai gona a can ƙarshe, Inna Hawwa, ta taso ta ajiye wannan ƙullin a kan gwiwata, ta koma ta zauna. Sumana ya miƙo mini hannu.

"Sannu da zuwa, Malam Shaibu," ya ce.

Shekara ashirin da biyu ban ji sunana a bakinsa ba sai ranar.

Shugaban koperatif ya faɗi abin da suka yanke. In famfon ya dawo, gonakin tsakiya suna buƙatar cikakken ruwan famfo biyu kullum, ba asarar awa ko ɗaya, in ba haka ba su bi na ƙarshe. Don haka za su sake gwada akwatin sau ɗaya, saboda Hadiza ta roƙa. In ya sake kuskure, gulbi za su jefa shi, ni kuma kar ƙafata ta ƙara taka wurin. Labari ya riga ya iso Wadata kafin in iso. Gidan ƙanƙara suka kira wani. Makaranta biyu ma haka. Sauran shekarar nan gyaran caja da rediyo na koma.

Hadiza ta zo shago da safe. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta zauna a bencin nan da kuke kai, ta buɗe 'yar takardar umarnin ta duba.

"Tonton, kai ka share?"

"Ni."

Ta sake rubuta kalmomin uku. Ba ta ƙara magana a kai ba, ranar ko bayanta. Ƙorafi goma sha ɗaya suka dawo allo, ta ce mu karanta su a tare.

Tara daga ciki tsofaffin ɗabi'u ne, kiran abu ba gabatarwa da makamantansu. Na goma wani jeri ne mai gurbi takwas da Mushe Bulus ke ajiya a gurbi na tara. Tsohon tafinta yana barin fili a bayan jerin, don haka ba abin da ya taɓa faruwa. Sabon ba ya bari. Wannan bai cije mu ba tukuna, amma da ya cije. Sai na sha ɗaya, layin canjin famfo.

Layin cewa yake, kowace daƙiƙa a ƙara ɗaya a kan ƙirge, in bayan ƙarin ƙirgen ya koma ƙasa da yadda yake, a canja famfo. Na haddace shi kamar sunana, amma ban taɓa tsayawa na ji abin da yake faɗa ba. Ta yaya za a ƙara wa abu ya ragu? Hadiza ta zana mini a bayan kwali. Tsohon tafinta ƙaramin mazubi yake ba ƙirgen. Yana cika a dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da bakwai, in aka ƙara ɗaya sai ya kife ya koma baya, kamar ƙirgen kilomita na tsohon babur. Ta mayar da daƙiƙoƙin nan awa. Awa tara da minti shida. Kifewar mazubin ita Mushe Bulus ya mayar ƙararrawa.

Littafin ƙa'ida bai yi alkawarin mazubin zai tsaya a wannan girman ba, bai kuma yi alkawarin zai kife ba. Halin tafinta ɗaya ne kawai. Sabon ya ba ƙirgen babban mazubi, ya kuma duba layin ya ce lamba ba ta raguwa don an ƙara mata, sai ya jefar da shi gaba ɗaya. Ya faɗa kuwa cewa zai jefar. Yana cikin abin da na toshe wa baki. Na tambaye ta, da bai jefar ba fa? Ta danna lissafi a wayarta.

"Da famfon ya huta, Tonton. Bayan shekara sittin da takwas."

Ta kai hannu za ta share layin, na dafe madannan. Na ce mai layin yana raye, sai na tambaye shi. Ta ce shinkafar babanta tana cikin ta tsakiya. Na ce ƙetare gada rabin awa ne. Ba ta yarda ba, amma ta janye hannunta.

Bayan azahar na sami Mushe Bulus a ƙarƙashin rumfa a gidan ɗiyarsa, rediyo a cinya. Na ajiye masa mangwaro. Da murya ya gane ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali da shago. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da kalmomi ukun da na share da takardar da na manna. Sannan na karanto masa layin da ka. Sai ya fara dariya, har tari ya kama shi ɗiyarsa ta kawo ruwa.

"Batiri ne, Shaibu."

Ya ce ranar da muka haɗa wurin, ɗan batirin agogon ordinatar ya mutu, injin ba ya riƙe lokaci, babu irinsa a kasuwa ranar, manoma kuma suna tsaye a kansa. Sai ya tuna mazubin yana kifewa wajen awa tara, ya yi dabara da shi, da niyyar ya dawo mako mai zuwa da batiri ya rubuta abin kirki. Taurarin ya sa ne don kar in taɓa kafin ya dawo. Mako ya zo, wani aiki ya taso, ruwa yana tafiya daidai, ya manta.

"Taurarin mako ɗaya ne," ya ce. "Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ka ce ranar da na isa tambaya za ka faɗa mini, Mushe."

Ya daina dariya. Ya tambayi gida nawa suka rasa. Na ce talatin. Ya kashe rediyon. Na tambaye shi sauran taurarin fa.

"Rabinsu ban tuna dalilinsu ba. Je ka share su duka. Abin da yarinyar nan da tafintanta suka ce, shi za ka yi. In layi yana da dalili, rubuta dalilin a gefensa, da Hausa ma in ka so."

Da hannuna na share layin, Hadiza tana kallo. Muka rubuta sabo a fili, in daƙiƙoƙi sun kai kaza, a canja famfo, ba jiran wani mazubi ya kife. Muka gyara sauran goman. Tafinta, a ɗaure yadda ta ɗaure shi, ya wuce ba ƙorafi. Ta kawo tafinta na biyu na wasu mutane dabam, shi ma ta ɗaure shi, ya fito da ƙorafi biyu da na farko bai gani ba, muka gyara. Ita awa tara cif take so a sa. Da muka faɗa wa Sumana, ya ce agogonsa da ƙafarsa uku da minti shida suka sani, a bar masa abinsa. Ta sa masa minti shidan, na rubuta a gefe da Hausa cewa Sumana ne ya nema.

Tun daga ranar ba na sakin aiki sai ya wuce tafinta biyu, duka a kan ƙa'ida. Kuna zuwa kuna ce mini, ai a injina yana aiki. Na sani. Nawa ma ya yi aiki shekara ashirin da biyu. Abin da tafinta ɗaya ya ƙyale ka ka yi, ba naka ba ne, kuma ranar da aka canja shi ba za ka san wanne ne zai tashi ba.

Famfon ya dawo ranar Asabar, muka cire wayar tagullar muka sa fis na gaskiya. Lahadi ƙarfe shida na safe ni na danna kore. Na yage takardar taurari a gaban Sumana, na ce daga yau in kunnensa ya ce ya juya, ya juya, kar ya kira kowa. Ya ce to, Malam Shaibu. Hadiza ta ce ta riga ta gwada canjin a shago da agogo mai sauri, sau ashirin, ba sai an jira ba. Na ce wancan gwajinta ne. Na jawo bulo na zauna kusa da famfon.

Ɗakin kwano ne, ga zafin inji. Kowace rabin awa ina dafa jikin famfon. Na yi azahar a bakin ƙofa. Sumana bai tafi wurin ƙofofin ruwa ba ranar, mahaifin Hadiza ya tura a madadinsa. Shi ya tsaya a gaban akwatin ƙarfe, tun ƙarfe biyu da rabi hannunsa yana kan mariƙin juyawa. Manoma suka taru a waje. Uku ta buga. Uku da biyar Sumana ya ɗaga agogonsa kusa da ido.

Sabon akwatin ya yi ƙas. Famfo na ɗaya ya fara sauka, na biyu ya ɗauka, bututu ya girgiza ya cika. Sumana ya sauke hannunsa. Ya fita bai dube ni ba. Can sai ga shi da kwanon dambu da zogale, ya dire shi a gabana.

"Ci, Bagobiri. Awa tara ba ka ci na kowa ba. Kar ka mutu nan a ce Zabarmawa ne."

Na ci.

Shinkafar tsakiya ta yi. Ta ƙarshe ga ta nan sama da kanku. Yanzu wanda ya ce nasa yana aiki ya kawo injinsa, mu ɗaure tafinta mu ji.